Kwamfutar da ke mutuwa a tsakiyar gem: yadda aka kai ga pawa-fak ɗin da ya dace da katin RTX 3080

Yadda na'urar take kafin matsala

Mai kwamfutar matashi ne mazaunin Kano. Da rana yana tace bidiyon biki da na talla, da dare kuma ya buga gem. Na'urar tasa haɗin hannu ce: furosesa Ryzen 5 5600X, RAM mai gigabait 16, ma'ajiyar NVMe guda, hadis ɗaya mai juyawa inda yake tara bidiyo, fankoki huɗu, da katin hoto GTX 1660 Super. Akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kayan ciki, wanda masu gyara ke kira pawa-fak, tare da gidan kwamfutar ya zo. An rubuta 650W da manyan baƙaƙe a jikinsa, babu sanannen suna, babu tambarin 80 Plus, shaidar ƙarancin asarar wuta.

A wannan haɗi na'urar ba ta taɓa ba shi ciwon kai ba, kuma lissafi ya nuna dalili. Katin GTX 1660 Super wat 125 yake ja idan ya ƙure. Furosesar, duk da an rubuta mata wat 65, iyakar da AMD ta sa mata a soket wat 76 ce. Madabod, RAM, ma'ajiya da fankoki gaba ɗaya ba sa wuce wat 40. Jimla kusan wat 240 ke nan, nauyin da ko akwati mai rauni zai ɗauka ba tare da ya yi gumi ba.

Janairu: zuwan sabon kati

A ranar 15 ga Satumba 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙa, wato samar da kuɗin ta hanyar lissafi da katin hoto, sai masu haƙa a duniya suka yi ta sayar da katunansu. Cikin 'yan watanni kayan suka malalo kasuwannin na-hannu, har da na nan gida. A hunturun da ya biyo baya matashin ya sayi RTX 3080 na hannu, mai ramukan wuta biyu masu fil takwas-takwas. Nvidia ta fito da wannan kati a Satumba 2020, ta ce yana jan wat 320, ta kuma ba da shawarar a haɗa shi da pawa-fak mai wat 750. Shi ya ga wannan adadi, amma ya ɗauka 650 da 750 ba su da wani nisa.

Wajen ɗaurawa ne aka fara cin karo. Tsohon akwatin waya ɗaya tal yake da ita ta katin hoto, mai kai ɗaya. Mai sayar da katin ya ba shi 'yar adafta kyauta, wadda ke karɓar wuta daga kawunan SATA biyu, irin waɗanda ke ba hadis wuta, ta fitar da kai mai fil takwas. Da ita ya cike rami na biyu. Kwamfuta ta tashi, hoto ya fito, direba, manhajar da ke sarrafa katin, ya sauka lafiya.

A daren farko, bayan kamar minti ashirin da fara gem, na'urar ta mutu ɗif. Babu shuɗin allo, babu saƙon kuskure, fankoki suka tsaya, fitilun ciki suka ɗauke kamar an zare fulogi. Ya danna maɓallin kunnawa, shiru. Sai da ya kashe makunnin da ke bayan akwatin, ya jira 'yan daƙiƙu, ya sake kunnawa, sannan ta tashi. A littafin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, abin da ya gani shi ne Kernel-Power mai lamba 41, wanda ba ya faɗin komai face cewa na'urar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Kallon bidiyo, shiga intanet da yanka hotuna duk suna tafiya daidai. Gem mai nauyi kuwa, ko fitar da bidiyon da aka gama tacewa, tsakanin minti goma da arba'in sai ta faɗi.

Mako na farko da na biyu: an zargi katin

Zato na farko shi ne katin ya gaji da haƙa. Ya goge direban gaba ɗaya da manhajar DDU ya sa sabo, ya gwada tsohon direba, daga baya ya sake ɗora Windows daga tushe, abin da ya cinye masa yini biyu na aiki. Babu abin da ya sauya. Ya kai katin aka buɗe, aka share busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar katin aka shafa sabo, aka sauya ƙananan katifun da ke ɗebe zafin ma'ajiyarsa. Wannan aikin ya yi amfani ta wata fuskar: manhajar HWiNFO ta nuna ƙwaƙwalwar ta sauka daga digiri 79 zuwa 71, ma'ajiyar GDDR6X kuma daga 104 zuwa 92, nesa da 110 inda katin ke fara rage gudu. Amma mutuwar ba ta daina ba.

A ƙarshen mako na biyu ya ɗauki katin ya kai gidan wani abokinsa mai pawa-fak ɗin wat 850. Awa uku suna buga gem ɗin da ke kashe tasa na'urar, katin bai ko yi tari ba.

Mako na uku: an zargi wutar NEPA

Da kati ya fita daga zargi, sai aka koma kan wutar unguwa, wadda dama da yamma takan yi ƙasa. Mita ta nuna bolt 228 da safe, da magariba kuma tana sauka zuwa 180. Ya sayi sitabilaiza, wuta ta daidaita a kusan 220, kwamfuta ta ci gaba da mutuwa. Ya aro UPS mai 650VA daga ofishin yayansa. Da gem ya ɗau zafi sai UPS ɗin ya fara kuka ba ƙaƙƙautawa, ya kashe kansa.

Nan akwai ruɗanin da ke kama mutane da yawa. VA ba wat ba ne. Ƙananan UPS na ofis masu 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 kawai suke iya bayarwa. Da aka sa mitar wat tsakanin soket da kwamfutar, an ga tana jan kusan wat 560 daga bango lokacin gem. UPS ɗin bai lalace ba, kaya ne ya fi ƙarfinsa.

Mako na huɗu: an karanta takardar da ke gefen akwati

Sai a wannan makon aka kai na'urar gaba ɗaya wurin mai gyara. Da ya ji cewa ba ta tashi sai an kashe makunnin baya, bai taɓa katin ba, ya nufi pawa-fak. Dalilinsa: idan direba ne ya faɗi, allo kan yi baƙi ko shuɗi amma fankoki na ci gaba da juyawa, idan zafi ne ya yi wa kati yawa, rage gudu yake yi, mutuwar da ke kulle na'ura har sai an yanke mata wutar bango kuwa, aikin kariyar cikin pawa-fak ne, wadda ke datse wuta idan an ja fiye da ƙima.

Ya kwance kusoshi huɗu ya zaro akwatin, ya juya gefen da ke fuskantar ƙarfe, inda ƙaramin jadawali yake. Layin bolt 3.3 yana ba da amfiya 25, layin bolt 5 amfiya 30, layin bolt 12 amfiya 36. Wat shi ne bolt sau amfiya. Layin farko wat 82 da rabi, na biyu 150, na uku 432. Idan aka tara su sai a samu 664 da ɗoriya, daga nan 650 ɗin da ke jikin akwatin ya fito. Sai dai kwamfutar yau kusan duk nauyinta a kan layin bolt 12 yake. Katin hoto daga can yake sha, furosesa daga can, fankoki da injin hadis ma haka. Wat 230 da ke kan ƙananan layukan nan biyu ba su da wani amfani ga RTX 3080. Buƙatar na'urar a yanzu ita ce 320 na kati, 76 na furosesa, 40 na sauran, kusan wat 440, a kan layin da iyakarsa 432. Abin da ya sa take yin minti ashirin kafin ta faɗi shi ne ba kowane lokaci kati da furosesa ke ƙurewa tare ba. Ranar da suka haɗu, shi ke nan.

Mai gyaran ya mayar da akwatin ya sa mita a bayan ɗaya daga kawunan Molex, jan tsinke a wayar rawaya, baƙi a baƙar waya. Na'ura na hutawa, 12.1. Da aka kunna FurMark, manhajar da ke ƙure katin hoto, allon mitar ya gangaro 11.7, 11.5, ya tsaya a 11.3, layin bolt 5 kuma ya hau zuwa 5.3. Ƙa'idar ATX da aka ƙera irin wannan akwati a kanta ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin ɗari kawai, wato 11.4 zuwa 12.6 a layin 12, da 4.75 zuwa 5.25 a layin 5. Faɗuwar ɗaya da hawan ɗaya alama ce ta tsohon tsarin da ke daidaita layukan biyu da linzami guda, tsarin da aka yi don zamanin da kwamfuta ke jan wuta sosai daga bolt 5.

Adaftar SATA ɗin ma an duba ta. Robar ɗaya daga kawunanta ta fara sauya launi zuwa ruwan ƙasa, tana warin ƙonanniyar leda, kuma da aka ja sai ta fito da ƙyar saboda ta ɗan narke ta kama. Kan SATA yana da fil uku na bolt 12, kowanne amfiya ɗaya da rabi, jimla wat 54. Biyu sun ba da 108. Ramin fil takwas na katin hoto an yi shi ne ya ja har wat 150. An cire ta nan take.

Gwaji na ƙarshe a ranar bai ci ko kwabo ba. Aka aro waya mai kyau daga kawunan Molex don gwaji kawai, aka buɗe manhajar saita kati ta MSI Afterburner aka sauke iyakar wutar katin zuwa kashi 70, wato wat 224. Awa biyu ana gem, na'urar ba ta mutu ba. Aka mayar da ita kashi 100, cikin minti goma sha huɗu ta faɗi.

Tsakiyar Fabrairu: pawa-fak na hannu

Kuɗi sun riga sun tafi a kan kati da sitabilaiza, don haka matashin ya nemi na hannu. Ya samu wani mai wat 650 na kamfani sananne, mai tambarin 80 Plus Gold, irin wanda ake cire wa wayoyi, amma ya kwana biyu a duniya. Takardarsa ta nuna jimlar amfiya 54 a bolt 12, wat 648. A lissafi, 440 kashi 68 ne kawai na wannan.

Abu biyu ba a kula da su ba ranar ciniki. Na farko, bolt 12 ɗin nasa an raba shi gida-gida, kowane gida da tasa kariya, kuma gidan da ke ciyar da kowane ramin katin hoto an rubuta masa amfiya 25. Na biyu, wayar katin hoto ɗaya ce ta zo da shi, mai kai biyu a jere kamar reshe. Mai sayarwa ya ɗauko wata waya daga cikin kwalin tarkace, ta shiga ramin akwatin daidai, ya ce a haɗa da ita. Mai gyara ya ƙi sawa sai ya auna. Ya bi filolin ɗaya bayan ɗaya da mita, ya samu biyu daga cikin wayoyin da ya kamata su zama na ƙasa, wato bolt sifili, suna sauka a kan bolt 12. Ɓangaren da ke shiga kati iri ɗaya ne a duk duniya, amma ɓangaren da ke shiga pawa-fak kowane kamfani da nasa tsarin, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sukan bambanta. Shigar waya cikin rami ba shaida ba ce. Aka mayar masa da abarsa, aka yi amfani da mai reshen.

An samu sauƙi sosai. Mita ta tsaya a 11.9 ƙarƙashin nauyi, jan wuta daga bango ya sauka zuwa kusan wat 495. Amma sau ɗaya ko biyu a mako na'urar takan mutu irin mutuwar da, kuma kusan kullum a wuri ɗaya: lokacin da gem ke sauya fage, ko aka fito daga menu aka faɗa cikin wasa.

Wannan shi ne ɓangaren da mita ba ta gani. Wat 320 matsakaici ne. Katin zamani yana sauya gudunsa da ƙarfin wutarsa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kuma idan aiki ya faɗo masa kwatsam yakan fizgi wuta mai yawa na ɗan ƙiftawa. Masu gwada kaya da na'urar oskiloskof sun sha nuna RTX 3080 yana tsallen da ya kusa wat 500 na tsawon kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Ramin madabod yana ba kati abin da bai wuce wat 66 ba daga bolt 12, saura duk ta wayoyi yake zuwa. A aikin yau da kullum, kusan wat 254 ke nan, amfiya 21, a kan gida mai amfiya 25. Idan tsallen ya zo, wat 430 ne, kusan amfiya 36. Kariyar ba a daidai 25 take datsewa ba, akwai rarar da ake bar mata, shi ya sa ba kullum abin ke faruwa ba. Da an samu waya ta biyu ta asali, da nauyin ya rabu gida biyu. An nema ba a samu ba, don an daɗe da daina ƙera samfurin.

Wayar mai reshe ita ma tana da nata. Jijiyoyi uku ne na bolt 12 a cikinta, amfiya 21 ɗin nan ta cikinsu suke bi, bakwai-bakwai. Da wayoyi biyu ne, da uku da rabi kowace jijiya za ta ɗauka, kuma tun da zafin waya yana tafiya ne da ninkin amfiya a kanta, da kowace ta yi rubu'in zafin da take yi. Bayan awa ɗaya na gem, kan da ke jikin pawa-fak ba ya taɓuwa da daɗi.

Afrilu: zafi ya shigo

Da bazara ta kankama, ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kwano ya riƙa kai digiri 38 da la'asar. Sai wata sabuwar mutuwa ta ɓullo. Wannan karon ko an kashe makunnin baya an kunna, na'urar ba ta tashi sai ta huta minti biyar zuwa goma. Kwamfutar a ƙasa take, a kan kafet, fankar pawa-fak na kallon ƙasa. Da aka zaro ragar tace ƙura ta ƙarƙashi, ƙurar hunturu ta yi mata dafifi kamar auduga, haske ma ba ya ratsa ta. Bayanan samfurin sun nuna an auna wat 650 ɗinsa ne a digiri 40. Iskar da yake shaƙa a wannan lungu ta kai hakan, ga shekaru sun ci kafasitocinsa. Kariyar zafi ce ke kashe shi. Aka wanke ragar, aka ɗora na'urar a kan katako, mutuwar la'asar ta ragu, ta sauya fage kuwa tana nan.

Ƙarshen Afrilu: lissafi da zaɓi

A wannan karon an rubuta sharuɗɗa kafin a shiga kasuwa. Aka fara da nauyin yau da kullum, wat 440. Aka ɗora tsallen kati, wanda ke kai jimlar kusan 620 na ɗan ƙiftawa. Aka so nauyin yau da kullum ya faɗo tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na ƙarfin akwati, inda ya fi aiki da sanyi da ƙarancin asara. Wat 750 ya cika wannan, kashi 59. Wat 850 ya ba da kashi 52. An duba mai wat 1,200 aka bar shi, don babu abin da zai ƙara sai tsada.

Sharaɗi na biyu shi ne takardar gefe ta nuna kusan duk ƙarfin a kan bolt 12. Wanda aka zaɓa ya nuna amfiya 70.8, kusan wat 850, a gida ɗaya, ƙananan layukan kuma daga cikinsa ake sauko da su. Na uku, a auna ƙarfin a digiri 50. Na huɗu, ya karɓi wutar bango daga bolt 100 zuwa 240. Tsohon na farko 200 zuwa 240 aka rubuta masa, abin da bai dace da unguwar da ke ganin 180 ba. Na biyar, wayoyin katin hoto biyu daban-daban a cikin kwali, masu kaurin 16AWG (a wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, don haka 16 ta fi 18). Na shida, jerin kariya a rubuce: ta yawan amfiya, ta yawan wat, ta hawa da faɗuwar bolt, ta haɗuwar wayoyi da ta zafi.

Sai kuma ƙa'idar ATX 3.0, wadda Intel ta fitar a 2022 saboda ainihin wannan matsala ta tsalle. Akwatin da ya haura wat 450 kuma yake ɗauke da sabon kan katin hoto mai fil goma sha shida dole ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na tsawon kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, kashi 180 na kashi ɗaya cikin dubu, kashi 160 na kashi ɗaya cikin ɗari, da kashi 120 na kashi ɗaya cikin goma. Katin matashin ba ya amfani da sabon kan, amma juriyar tana cikin akwatin ko da wace waya aka yi aiki.

Tambarin 80 Plus an duba shi a matsayinsa. Abin da yake auna shi ne yawan wutar da ba ta zama zafi ba. A gwajin bolt 115, Bronze na nufin kashi 82, 85 da 82 a nauyin kashi 20, 50 da 100. Gold kuma 87, 90 da 87. Ba ya cewa komai game da jure tsalle ko ingancin kariya, na hannun da ya gaza ma Gold ne. Amfaninsa a nan shi ne ɗaki mai zafi da wutar janareta: tsohon akwati na farko yana zubar da kusan wat 120 a matsayin zafi, wannan kuwa kusan 50. Tun da ana buga tambarin jabu, an nemi lambar samfurin a jerin masu ba da shaidar a intanet, an tabbatar lambar jikin akwati da ta kwali ɗaya ce, kwalin kuma a rufe yake da takardar garanti. Aka auna gurbin gidan kwamfutar ma: faɗi da tsayi na ATX milimita 150 da 86 ne, amma tsawo yana bambanta, kuma kejin hadis ya bar wuri don milimita 160 kawai. Wanda aka saya 150 ne.

Haɗawa da gwaji

An cire duk wayoyin tsohon akwati, ba a bar ko ɗaya ba. Aka sa mai fil 24 a madabod, mai fil takwas ta furosesa a kusurwar sama. Wannan ta biyun tana kama da ta katin hoto amma jerin wutarsu a juye yake. Ta furosesa tana rabuwa huɗu da huɗu, ta kati shida da biyu, kuma an rubuta suna a jikin kowace. Kowane ramin kati ya samu wayarsa daga akwati, aka naɗe rassan da ba a buƙata. Aka danna kowane kai har maƙallinsa ya yi ƙas, aka haska tocila a gefe don a ga babu tazara. Fanka ta kalli ƙasa inda raga take, na'urar kuma a kan katako mai tsayin yatsu huɗu.

Gwajin ya ɗauki kwana biyu. Awa ɗaya na gwajin wuta a OCCT, wanda ke ƙure kati da furosesa tare: bolt 12 ya tsaya tsakanin 12.0 da 12.1, bango na nuna wat 490. Sai aka koma wuraren da ke kashe na'urar a da, aka shiga menu aka fita sau talatin. Sai fitar da bidiyo na minti arba'in da ƙarfe uku na rana, taga a rufe. Ba ta mutu ba, wayoyin kuma ɗumi kawai suka yi.

Bayan an tabbatar da lafiyarta a cikakken ƙarfi, sai aka rage wa katin bolt a Afterburner, aka tsayar da shi a 0.85 da gudun kusan megahaz 1,800. Jansa ya sauka zuwa wajen wat 250, bambancin hoto kuma ido ba ya kama shi. Kowane kati da inda yake tsayawa, don haka an yi gem na mako guda kafin a amince da wannan adadi.

Mayu: wutar bango

Abu ɗaya ya rage. Idan aka koma kan inbatar gidan, sabon akwatin yakan yi ƙugi siriri, kuma sau ɗaya ya mutu a daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Inbatar irin mai fitar da wuta mataki-mataki ce, ba mai santsin igiya kamar ta NEPA ba, kuma da'irar gyaran wuta da ke bakin pawa-fak na zamani ba ta jituwa da irin wannan. Ga jinkirin sauyawa: akwatin yana iya riƙe na'ura na kusan kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ne kawai idan wuta ta yanke. Aka sayi UPS mai santsin igiya, 1,500VA, wat 900, wanda ya ɗauki kwamfuta da allonta (kusan wat 530 idan sun ƙure) da rara. Mai wayarin ya duba soket ya samu wayar ƙasa ba a haɗe take ba, ya gyara, ɗan jan da jikin gidan kwamfutar ke yi wa hannu ya daina.

Hukunci

Na'urar ta wuce damina da hunturun da ya biyo baya ba ta sake mutuwa ba.

Akwati na farko bai isa ba tun daga takardarsa, kuma adaftar SATA ita ce abu mafi haɗari a duk lamarin, don ita ce ta kusa kama wuta. Na biyu akwati ne mai kyau da aka sa a inda bai dace ba: jimlar wat ɗinsa ta isa, amma rabon gidajensa, waya ɗaya, shekaru da zafi suka haɗu a kansa. Na uku ya yi aiki ne saboda bolt 12 ɗinsa cikakke ne, yana jure tsalle, wayoyi biyu sun raba nauyi, kuma an auna shi a zafin da ya fi na ɗakin. Mai wat 750 da ya cika waɗannan sharuɗɗa, kamar yadda Nvidia ta faɗa tun farko, da shi ma ya wadatar. Ƙarin ɗarin rara ce saboda Afrilu.

Sake ɗora Windows da sauya direba ɓata lokaci ne da alamar makunnin baya ta isa ta hana tun daren farko. Sitabilaiza ba ta magance komai a wannan matsala ba, ko da yake ta samu aiki a kan firji. Gwajin da ya fi kowanne bayyana gaskiya, sauke iyakar wutar kati zuwa kashi 70, minti biyar ne aikinsa, amma sai a mako na huɗu aka yi shi.

Pawa-fak na hannun yanzu yana cikin kwamfutar ƙaninsa tare da tsohon GTX 1660 Super, inda kai ɗaya da amfiya goma suka ishe shi. Na farkon an yanke wayoyinsa kafin a ba 'yan gwangwan, don kada wani ya sake sayar da shi. Ragar ƙarƙashi kuma ana wanke ta duk mako biyu daga Nuwamba zuwa Maris.